Ƙugiya a Gefen Takarda

Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk ƙarshen shekarar karatu, wasiƙa takan zo wa Malam Ƙugiya daga hukumar jarrabawa, ana gayyatarsa duba takardun insha'in Turanci. Duka wasiƙun suna nan a aljihun teburinsa, ɗaure da zare, ta farko a ƙasa. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, shekara tara da suka wuce, waɗannan kwanaki goma na duba takardu su ne kaɗai suka rage masa a shekara da wani zai miƙe ya ce masa Malam saboda aikinsa, ba saboda furfurarsa ba. Sauran kwanakin kuwa kujera ce a ƙofar gida, da rediyo, da ciwon gwiwa.

Sunan nan ɗalibai ne suka laƙa masa, kuma yana da asali. Akwai wani kuskure da masu koyon Turanci suke yawan yi. Mutum yakan buɗe jimla da guntun bayani, a ce gudu zuwa makaranta, sai ya manta da mai gudun, ya kawo jaka a wurinsa, ya ce ta faɗi. A ƙa'idar harshen, sunan da ya zauna daf da bayani shi ne mai shi, saboda haka sai ya zama jakar ce take gudu. Irin wannan bayani Malam yana ce masa maraya. Wanda kuwa mai shi yana cikin jimlar, amma aka zaunar da shi nesa, jikin wata kalma dabam, yana ce masa ɗan da ya kwana gidan maƙwabta. In ya gamu da ɗan gidan maƙwabta, sai ya zana masa ƙugiya da jan biro, ya jawo shi wurin ubansa. In maraya ne, ƙugiyar takan fita har gefen takarda, ya rubuta a bakinta, “Wannan na wane ne?” Daga nan ya sake gina jimlar yadda ya kamata, da ƙaramin rubutunsa mai kama da jerin tururuwa.

Ba shi ya ƙago wannan ba, kuma bai taɓa cewa shi ya ƙago ba. Gadonsa ya yi daga Tsohon Hedimasta, wanda ya fara kai shi zauren duba takardu tun bai yi furfura ba. Marigayin yakan ce mai duba takarda da ya rage maki bai faɗi dalili ba, alƙali ne da ya yanke hukunci ya juya baya. Yakan kuma ba da labarin wani ɗalibi da ya faɗi, ya kai kuka, aka fito masa da takardarsa, ya karanta abin da aka rubuta a gefe, ya dawo shekara mai zuwa ya ci. Malam bai taɓa ganin ɗalibin nan ba, bai ma san shekarar da abin ya faru ba. Amma ya san ba a mayar wa ɗalibai takardun wannan jarrabawa, saboda haka a kan labarin nan ya jingina aikinsa duka.

A bana zauren shi ne dai na kullum, babban ɗakin taro na wata makarantar sakandare, da dogayen tebura, da fankoki biyar waɗanda uku ne suke juyawa. Abin da ya sake shi ne mai tsayawa a gaba. Shugabar zauren ta bana tsohuwar ɗalibarsa ce, wadda a aji uku take zama a bencin gaba tana tauna murfin biro. Ta gaishe da jama'a, ta karanta sabuwar doka daga takarda, ba ta ɗago kai ba.

Kowa za a ba shi ambulan shida, kowace da takarda hamsin. Lamba kawai za a sa, ban da rubutu a gefe. Wanda ƙararrawar ƙarfe sha biyu a rana ta goma ta tarar bai gama nasa ba, za a cire sunansa daga jerin waɗanda ake gayyata, ba sani ba sabo.

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

“Shugaba, a da ambulan huɗu ake bayarwa. Haka aka yi zamanin shugaban da ya gabace ki, haka kuma wanda ya gabace shi.”

“Haka ne, Malam,” in ji ta. “A da ɗaliban ba su kai haka yawa ba.”

Maƙwabcinsa a tebur wani malami ne mai ƙiba, ɗan shekara arba'in da wani abu, wanda ake ce wa Jirgi saboda saurinsa. Yana duba takarda yana jijjiga ƙafa, wani lokacin har da ɗan fito. Kafin tsakar ranar farko ya tara tsibi a damansa, ya leƙo ya ga Malam yana kan ta bakwai, gefen takardar ya yi ja kamar an yanka kaza a kai.

“Baba Malam, wasiƙar soyayya kake rubuta wa yarinyar nan? In ta amsa a gayyace mu.”

“Namiji ne. Kuma ya sa kare ya karanta jarida a layi na huɗu.”

“To ka bar karen ya yi karatunsa mana, ya fi ubangidansa ƙoƙari. Cire rabin maki ka wuce.”

“Na cire. Yanzu ina gaya masa abin da ya sa.”

“Ai kuwa yana ji,” in ji Jirgi, ya jawo wata takardar.

Malam bai yi niyyar karya doka ba. Kullum da safe yakan ce wa kansa yau lamba kawai zai sa. Sai dai da zarar idonsa ya faɗa kan maraya, hannunsa ya riga shi, kafin ya ankara ƙugiya ta fita gefe, kuma mutum ba ya yin tambaya ya tashi bai ba da amsa ba. Ba a fita da takarda daga zaure, ba a kuma zama bayan ƙarfe huɗu. Da rana ta biyar ta ƙare, takarda casa'in ya gama cikin ɗari uku.

Ana tashi Shugaba ta tare shi a baranda, ta karɓar masa jakarsa kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

“Malam, zo in nuna maka wani abu.”

Ta bi da shi bayan ɗakin gwaje-gwaje zuwa wani dogon gini marar taga. Mai sito, wani siririn dattijo da tarin makullai a ƙugu, ya buɗe musu. Ciki ɗaurin takardu ne tun daga ƙasa har rufi, kowane an ɗaure shi da igiya an rubuta shekara a jikinsa. Wurin yana warin ƙura da ɓera.

“Waɗannan na bara ne, waɗancan na bara waccan,” in ji mai sito. “Da sun cika shekara biyu mota take zuwa.”

“Ta kai su babban ofis?” in ji Malam.

“Wane ofis, ranka ya daɗe? Kamfanin kiret ɗin ƙwai. Jiƙa su ake yi a niƙa.”

Malam ya dafa wani ɗauri. Igiyar ta ci cikin takardun sama, ta tsaga gefensu.

“Wanda ya kai kuka fa? Ai ana fito masa da tasa.”

“Ana fito da ita, amma ba shi ake ba ba. Akawu ne yake sake haɗa lambobin, ya ga ko an yi kuskuren tarawa, ya mayar. Shekarata goma sha tara da makullin nan, ban ga ɗalibin da ya taka ƙofar nan ba.”

“Kafin zuwanka an yi.”

“Wataƙila,” in ji mai sito cikin ladabi. “Wanda na gada dai bai gaya mini ba.”

Da suka fito, Shugaba ta tsaya a inuwar ginin. Ta ce, “Malam, ni ƙugiyarka ce ta kawo ni inda nake. Har yau in na rubuta wasiƙa sai na ji kana tambayata na wane ne. Amma ni a aji na same ka, ka miƙo mini littafina a hannu. Waɗannan ba za su gani ba. Don Allah ka sa lamba kawai. Sunan da za a ce in cire, da hannuna zan cire shi, kuma ba na so.”

“'Yata, kin san abin da Tsohon Hedimasta yake cewa...”

“Na sani, Malam. Sau uku ya fito mana a jarrabawar aji.”

Ya yi ɗan murmushi, ya karɓi jakarsa.

Kwana biyun hutun ƙarshen mako a gida ya yi su. Matarsa, wadda ta shekara arba'in tana wanke jan tawada daga aljihun rigunansa, ta bari sai da ya ƙi cin abinci sau biyu sannan ta tambaya. Ya gaya mata komai, har da kiret ɗin ƙwai.

“To yanzu me ya rage?” in ji ta. “Da kana ɗiban ruwa da kwando ba ka sani ba, yanzu an nuna maka kwandon.”

“Ba ki gane ba ne.”

“Na gane sarai. Sabo turken wawa. Ni dai abin da na sani, kwana goman nan ne kake aske gemu ba sai na yi magana ba. In suka cire ka, ni za a bar wa kai shekara ɗungum, kai da rediyonka. Ka sa musu lambarsu, Malam.”

Ranar da aka koma, ya yi wata dabara. Ya sa hannun hagunsa a gefen takarda ya rufe shi, yadda biro ba zai sami wurin fita ba. In ya ga maraya sai ya ja masa ɗan layi a ƙasa, ya cire rabin maki, ya wuce. Da farko ji ya yi kamar yana wuce mutum kwance a bakin hanya. Zuwa yamma abin ya fara sauƙi, kuma sauƙin ne ya fi damunsa. Ya gama arba'in da ɗaya a ranar. Washegari ya ƙara, jibi ya ƙara. Jirgi ya dubi tsibin da ke damansa ya riƙe baki.

“A'a, Baba Malam, ashe kura ce da fatar akuya. Da haka kake tun farko ai da ni ake ce wa Keke.”

Malam ya jawo wata takardar. Ya lura tun da ya daina rubutu a gefe, ya daina tuna abin da ya karanta. A da yakan koma gida da ɗalibai biyar ko shida a kansa, ya ba matarsa labarinsu. Yanzu takardun wucewa suke kamar motoci a titi.

Safiyar rana ta goma saura masa ashirin da huɗu, awa huɗu kuma a gabansa. Ya auna ya ga za su ishe shi har da ragi. Shugaba ta wuce ta bayansa, ta dubi ambulan ɗin, ta ci gaba da tafiya hankalinta kwance. Ƙarfe goma da minti ashirin ya jawo ta goma sha takwas.

Rubutun babba ne, an danne biro sosai, irin na wanda hannunsa ya saba da aiki mai nauyi. Taken da aka ba su shi ne ranar da mutum ba zai manta ba. Yawancin ɗalibai sukan rubuta haɗarin mota ko ranar da aka ba su kyauta a makaranta. Wannan kuwa mace ce, ba yarinya ba, mai wankin zanuwan gado a wani asibiti. Ta rubuta yadda wata rana ta shiga ɗakin marasa lafiya kwasar zanuwa, ta tarar da wata tsohuwa tana miƙa hannu, nas-nas duk sun ruga wajen wani da aka kawo da gaggawa. Ta ajiye kwandonta ta riƙe hannun. Tana riƙe da shi har hannun ya saki, rai ya yi halinsa. Tun ranar take son ta zama nas. Makarantar nas kuma ba ta ɗaukar wanda bai ci Turanci ba. A layin ƙarshe ta ce wannan ne karo na huɗu da take zama jarrabawar.

Malam ya karanta har ƙarshe bai taɓa biro ba. Sannan ya koma farko, hannun hagu a gefen takarda, ya fara ja.

Labarin ya tsaru, kalmomin sun dace, ba ta da kuskuren rubutu sai biyu. Ciwonta ɗaya ne tak. Kusan kowace jimla da guntun bayani take buɗe ta, sai ta janye kanta daga ciki, kamar mai jin kunyar cewa ni. A takardarta rana ce ta wanke zanuwa arba'in, ƙofa ce ta ɗauko kwando, gado ne ya riƙe hannun tsohuwa. Marayu goma sha ɗaya ya ƙirga. Da ya cire abin da ƙa'ida ta ce a cire, ya dubi lambar da ta rage, shekara talatin da ɗaya suka gaya masa ba za ta kai ta ba. Da kaɗan ne, amma ba za ta kai ba.

Ya daɗe yana kallon lambar. Maki biyu ko uku, ba wanda zai sani. Amma bai taɓa ƙara wa kowa abin da bai samu ba, ko ɗan ƙanensa da ya koyar a aji biyar, kuma wadda ke gaba da ita a ambulan da wanda ke bayanta ba su sami mai tausaya musu ba. Ya rubuta lambar yadda take, ya kewaye ta.

Saura ya kife takardar ya jawo ta gaba. Shida ne a bayanta, lokaci kuma yana nan. Sai ya tuna cewa sau uku wani ya zauna a tebur irin wannan, ya ja mata layi goma sha ɗaya, ya wuce. Ciwon da aji ɗaya na minti arba'in zai warkar, an bar ta da shi shekara huɗu, ba wanda ya gaya mata sunansa. Ya san da sito. Ya san da motar, ya ga inda igiya take tsaga gefen takarda. Ya ɗage hannun hagunsa.

Ƙugiya ta farko ta fita gefe. Ya rubuta tambayarsa, ya sake gina jimlar, ya sa matar a cikinta, ita ce mai wankin. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Da gefen ya cika ya koma saman shafi, da saman ya cika ya juya bayan takardar inda ba ta yi rubutu ba. A nan ya shimfiɗa mata darasin duka, cikin Turanci mai sauƙi, kamar tana zaune a bencin gaba: in kin buɗe jimla da aiki, ki tambayi kanki wa ya yi shi, ki kawo shi nan take bayan waƙafi, in ke ce, ki ce ke ce. Ya ba ta misalai biyar daga ɗakin wankinta, da uku da za ta gwada da kanta.

“Baba Malam,” in ji Jirgi ƙasa-ƙasa, ba wasa a muryarsa. “Dubi agogo.”

“Na gani.”

Sha biyu saura minti ashirin ya ajiye ta. Ya duba ɗaya, ya duba ta biyu. Saura huɗu, saura minti biyar. Jirgi ya matso da gwiwarsa.

“Miƙo su ta ƙarƙashin tebur. Biyu-biyu, ni in sa lamba, kai ka sa hannu. Ba wanda ya gani.”

“In sa hannu a kan abin da ban karanta ba?”

“Kowa yana yi, Baba.”

“Na gode, ɗana. Ba a koya mini ba.”

Ƙararrawa ta kaɗa yana tsakiyar shafin farko na ta gaba. Ya rufe bironsa, ya sa a aljihu.

Shugaba ta bi tebur-tebur da takardar sunaye, ta bar nasu ya zama na ƙarshe. Zauren ya kusa watsewa sa'ad da ta iso. Ta ƙirga na Malam sau biyu, kamar ƙirga na biyu zai iya canza wani abu. Sannan ta ga jan da ya leƙo daga cikin tsibin, ta zaro takardar. Ta karanta gaba a tsaye, ta juya bayan takardar, ta zauna a bencin da ke fuskantarsa ta karanta har ƙarshe.

“Malam...” in ji ta, tana duban takardar sunaye.

“Ki yi aikinki, Shugaba. Ba roƙo zan yi wa kaina ba. Abu ɗaya nake tambaya. Shafin nan na baya, ba yadda za a yi ya kai gare ta? Ko a kwafa a aika, ba sai an ce daga wa ba.”

“Lamba ce kawai a jiki. Sunayen suna babban ofis, a kulle, kuma duk wanda ya nemi haɗa lamba da suna korarsa ake yi. Kai ka koya mini dalilin.”

“Asibiti ne ai. Mai wanki a asibiti...”

“Wane asibitin, Malam? A wane gari? Ambulan ɗin nan daga ko'ina ake haɗo su.”

Ya gyaɗa kai. Ta sake duban shafin.

“Da za ta gani, da ta ci baɗi,” in ji ta.

Ta jera takardar cikin 'yan uwanta, ta sa a ambulan, ta liƙe baki, ta buga hatimi. Huɗun da suka rage ta miƙa wa Jirgi. Sannan ta ɗauki takardar sunaye ta ja layi ɗaya, a hankali, da rula, kamar yadda ya koya musu jan layi a ƙarƙashin kwanan wata. Ta ce za ta raka shi bakin ƙofa, ya ce ta zauna, aiki yana gabanta.

Da shekarar karatu ta gaba ta zo ƙarshe, Malam ya san wasiƙa ba za ta zo ba, amma makon nan duka da wuri yake fitar da kujerarsa ƙofar gida. Bai aske gemu ba, matarsa kuma ba ta yi magana ba. Ran nan da hantsi ta dawo daga shago da kiret ɗin ƙwai, ta kwashe ƙwan a kwano, ta ajiye kiret ɗin a bakin ƙofa. Da ta sake fitowa ta tarar ya ɗauke shi, ya sa tabarau, yana juya shi a rana, yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Toka-toka ne ko'ina, ciki da baya, ba ɗigon ja ko ɗaya.

Ta matso kusa da shi, ta miƙa hannu.

“Kawo, Malam,” in ji ta. “Mai shago ya ce a mayar masa da abinsa.”